Wa ke ciyar da halwa? Dukiyar makarantar allo a ƙauyukan Hausawan Rufa'a

Halwa ita ce makarantar allo ta ƙasar Sudan, inda yaro ke koyon baƙi da wasali, ya rubuta allo ya wanke, har ya haddace Alƙur'ani a gaban malamin da mutanen ƙasar ke kira faki. Idan ta bunƙasa ta haɗa da masallaci da ɗakunan baƙi da madafa, sai a ce da ita masid. A gabashin jihar Jazira, inda garin Rufa'a yake a bakin Shuɗin Nilu yana fuskantar Hasahisa ta ɗaya gaɓar, Hausawa ma suna da nasu halwowin a ƙauyukansu da zangunansu, yawanci ƙanana, malami ɗaya da rumfa da 'yan ɗakuna. Ba a kafa su don riba ba, kuma ba gwamnati ce ta kafa su ba. Duk da haka kullum safiya akwai abin da za a kashe. Ana bukatar dawa da itace da ruwa, ana bukatar magani idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro, damina kan ci katanga ta bar gyara, sannan ga malamin da iyalinsa, waɗanda su ma sai sun ci. Daga ina wannan zai fito, kuma a wuyan wa yake? Tambaya ce ta fiƙihu da ta ɗabi'a tun kafin ta zama ta lissafi, malamai kuma sun fi shekara dubu suna tattauna ta.

Amsar tana da alaƙa da yadda Hausawa suka zauna a wannan ƙasa. Mutanen yamma sun daɗe suna ratsa ta a kan hanyar Makka, amma zama mai yawa ya biyo bayan 1903, shekarar da sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da sauran jama'a, ya kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, ƙwadago ya jawo ƙarin dubbai, wasu mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu, wasu neman abinci ya kawo su. A gabashin kogi kuma masana'antar sukari ta Junaid, wadda ta fara aiki a 1962, ta buɗe wata ƙofar aikin. Da yawa daga cikinsu sun shiga ne a matsayin 'yan ƙwadago ko masu noman raba-amfani a hawashar wani, wato gonar da aka yanka masa ya noma, suna zaune a kambo, wato zangon ma'aikata a gefen magudanar ruwa, a kan filin da ba a rubuta da sunansu ba.

Tsofaffin masidai na ƙasar a kan wani tushe dabam suka tsaya. A zamanin sarakunan Funj na Sinnar, daga 1504 zuwa 1821, sarki kan yanka wa shehi fili ya ɗauke masa haraji, kamar yadda sarakunan Borno ke ba malamai takardar mahram. Cibiyoyi irin su Abu Haraz, a kudu da Rufa'a, tun wancan zamani suka yi saiwa. Ummu Dubban, wadda Shehu Ubaidu Wad Badr ya kafa a ƙarni na 19, ana alfahari da cewa wutar karatunta ta dare, tugaba, ba ta mutu ba. Irin waɗannan wurare suna da muridai a birni da ƙauye masu aiko da buhuna da dabbobi. Malamin kambo ba shi da fili, ba shi da muridai masu hali, iyayen ɗalibansa kuwa aljihunsu kan cika ne lokacin girbi da tsinkar auduga ya bushe a sauran shekara. Shi ya sa hukunce-hukuncen da ke kwance a littafi suke zama masa batun tuwon dare.

Tambaya ta farko ita ce ko ya halatta a karɓi lada a kan koyar da Alƙur'ani. Magabatan Hanafiyya sun hana. A wurinsu koyarwar ibada ce, ibada kuwa ba a yin ijara a kanta, kuma sun kafa hujja da hadisin Ubada ɗan Samit, wanda wani ɗalibinsa ya ba shi kyautar baka, Annabi (SAW) ya tsoratar da shi a kan karɓarta. Malik da Shafi'i sun halatta, suna dogaro da hadisin Ibn Abbas a cikin Bukhari game da sahabban da suka karɓi tumaki bayan sun yi wa wani ruƙiyya da Fatiha, aka tabbatar musu cewa Littafin Allah ya cancanci a karɓi lada a kansa, da kuma hadisin mutumin da aka aurar wa mace a kan ya koya mata abin da ya haddace. An rawaito zance biyu daga Imamu Ahmad, Ibn Taimiyya kuma ya zaɓi tsakiya, mabukaci ya karɓa, mawadaci ya bari. Abin lura shi ne Hanafawan baya, musamman malaman Balkh, sun sauya fatawa. Dalilinsu kuwa na tattalin arziki ne tsantsa: a da baitulmali ke ɗaukar nauyin malamai, da wannan ya yanke suka ga idan ba a biya ba malamai za su tafi kasuwa, karatu ya ɓace.

Malikiyya, wadda ita ce mazhabar Hausawa da ta galibin mutanen Sudan, ta wuce halattawa ta shiga tsarawa. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, Alƙabisi da ya rasu a 1012 ya faɗaɗa batun. Sun yi magana a kan ladan wata da na shekara, da abin da ake bayarwa idan yaro ya sauke, da ranakun hutu, da iyakar horo, suka kuma hana malami aiken yara bukatunsa ba da izinin iyaye ba. Ma'anar wannan ita ce idan an yi ijara, malami yana da haƙƙin da zai nema, shi ma kuma ana binsa haƙƙi. Wannan ɓangare na biyu shi aka fi mantawa da shi.

A gefe guda akwai koyarwar masu tarbiyyar zuciya. Algazali a cikin Ihya'u ya ɗora wa malami ya yi koyi da Annabawa, waɗanda Alƙur'ani ya nanata cewa ba su nemi lada daga mutanensu ba. Jama'ar da suka biyo Mai Wurno sun taho da wannan ra'ayi daga Sakkwato, inda ake rawaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan tufka igiya don ya ci daga hannunsa, kuma ya yi kakkausan suka ga malaman da ke cin duniya da addini. Nasiha ce mai kyau matuƙar malami ne yake yi wa kansa ita. Idan ta koma bakin iyayen yara, sai ta zama mafaka. Mutumin da ke cewa ai malam don Allah yake yi, alhali bai kai masa ko mudu ɗaya ba, ya ɗauki zuhudun wani ya biya bashin kansa da shi. Koyar da Alƙur'ani farilla ce ta kifaya, wadda ke kan jama'a duka, kuma ƙa'idar usulu ta ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ciyar da malami yana cikin wannan, haka ma ciyar da ɗalibi, wanda asalinsa nauyin mahaifinsa ne kafin kowa.

Mafi yawan abin da ke shigo wa ƙaramar halwa sadaka ce. Akwai ta ranar Laraba, wadda Hausawa suka sani da kuɗin Laraba, a Sudan kuma yara kan zo da hatsi a dafa balila a ci tare. Akwai abin da iyaye ke bayarwa idan yaro ya kai wani mataki aka zayyana masa allo, wato sharafa, da na ranar sauka. Akwai damin kaka, da zakkar fidda-kai, da abin da mai neman addu'a ko rubutun sha ke ajiyewa. Sadaka tana da albarka, amma tana da aibi biyu ga mai son tsara shekara. Ba a san ranar zuwanta ba, kuma takan ragu daidai lokacin da aka fi bukatarta, domin shekarar da dawa ta yi tsada ita ce shekarar da mai bayarwa ke ƙulle rumbunsa. Aibi na biyu ya fi ɓoyuwa. Sadaka mutum take bi, ba makaranta ba. Malamin da ya yi suna wajen addu'a yakan samu, wanda ya fi shi iya karantarwa amma ba a zuwa wurinsa neman taimako yakan rasa, kuma a hankali wannan yana jan malamai daga allo zuwa ga abin da ke kawo kuɗi.

Zakka ta fi sadaka tabbas, sai dai ƙofarta ƙunci gare ta. Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin ta, jumhurun malamai kuma sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Ɗalibi matalauci da malami matalauci suna ci saboda talaucinsu, amma ba a ɗauke ta a matsayin ladan koyarwa. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa kason tafarkin Allah har ya haɗa da ilimi, ra'ayin da bai samu karɓuwa wurin kowa ba. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, kimanin kilo 653, ana fitar da ushiri a abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri a abin da aka shayar da wahala. Ɗan ƙwadagon da ba shi da gona ba ya cikin masu fitarwa, don haka zakkar da ke kewaye da kambo galibi a hannun maƙwabta masu hawasha take. Tun 1984 kuma gwamnatin Sudan ta mayar da karɓar zakka aikin hukuma, daga baya aka kafa Diwanin Zakka. Wani kaso na abin da a da ake ɗora wa jaki a kai ƙofar malam ya koma bi ta ofis, ofis kuwa takarda yake nema da rajista, abin da ƙaramar halwa ba kasafai take da shi ba.

Hanyar da shari'a ta tanada musamman don abin da ake so ya ɗore ita ce wakafi. Asalinsa filin da Umar ɗan Khaɗɗabi ya samu a Khaibar, aka umarce shi ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin. Da shi Azhar ta rayu ƙarnuka, har da masaukan ɗaliban Sinnar da na Borno a cikinta. A nan mutanen kambo za su ce ba su da ƙasar da za su yi wakafi da ita, kuma gaskiya ne, balle ma dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Sai dai Malikiyya ta fi sauran mazhabobi sauƙi a wannan babi, kuma abin takaici ne yadda ba a cika amfani da sauƙin ba. Ba ta sharɗanta dawwama ba, mutum na iya yin wakafi na shekara biyu ko goma abin ya dawo masa. Ta yarda da wakafin abin da ake ɗauka, kamar dabba da littafi da kayan aiki. Ta yarda da wakafin amfani, ta yadda wanda ya yi hayar shago ko gona zai iya tsayar da amfaninsa ga makaranta tsawon wa'adin hayar. Ke nan amalanken jaki mai ɗebo ruwa, ko injin niƙa, ko 'yan awaki, duk suna iya zama wakafin halwa. Sharaɗin da ta tsananta a kansa shi ne karɓa: dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa kafin ya mutu ko ya tsiyace, in ba haka ba wakafin ya ɓaci ya koma gado.

Inda duk waɗannan suka gaza, giɓin ba ya ɓacewa, kan yara yake komawa. Tun da can ɗaliban halwa suna fita ɗebo itace, suna kuma taya malam noma, kuma aiki daidai ƙarfi ba laifi ba ne, tarbiyya ce. Iyakar tana wurin da aikin ya cinye karatun, ko aka tura yaro ƙwadago a gonar wani kuɗin ya shiga aljihun babba, ko bara ta zama ita ce kasafin makarantar. Makarantar da littafinta ya daidaita saboda yara sun kwana da yunwa ko sun yini a tasha da kwano ba lafiyayya ba ce, ta dai mayar da bashinta kan wanda ba ya iya ƙi. A 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da bincike a kan wasu halwowin Sudan inda aka ga yara cikin mari da duka da yunwa. Ba duka halwowi ke haka ba, talauci kuma ba ya wanke mai zalunci. Amma karɓar yaran da ba a iya ciyarwa yana cikin tushen ɓarnar, shi ya sa ƙayyade yawan ɗaliban kwana daidai abin da ke rumbu hukunci ne na addini, ko da mayar da yaro yana da ciwo.

Akan ji masu cewa lissafi a harkar Alƙur'ani raunin tawakkali ne, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Nassoshi ba su goyi bayan wannan fahimta ba. An umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara, Annabi Yusuf ya tanadi hatsin shekara bakwai, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) kan ware wa iyalinsa abincin shekara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Akwai kuma bambancin da ya kamata a riƙe: mutum na iya zaɓar wa kansa ya kwana ba tanadi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma ba shi da ikon zaɓar wa 'ya'yan mutane da aka ba shi amana.

Daga nan batun raba aljihu ya taso, wanda shi ne mafi wuya a ƙaramar makaranta. Buhun da aka sauke a ƙofar malam, nasa ne ko na ɗalibai? Mai bayarwa sau da yawa bai fayyace ba, malamin ma kunya kan hana shi tambaya. Hadisin Ibn Lutbiyya, ma'aikacin zakkar da ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi aka kuma tsawata masa, ya nuna cewa abin da ya zo wa mutum saboda kujerar da yake kai ba kai tsaye yake zama nasa ba. Rashin rabewar yakan ɓoye har ranar da malam ya rasu, magada su ce ɗakuna da injin na mahaifinsu ne, jama'a su ce na makaranta ne, ba takarda ba shaida. Maganin ba shi da tsada. A yanka wa malami lada sananne, a sa wani amintacce ya riƙe ma'aji, a rubuta shiga da fita a littafi ɗaya, a karanta wa iyaye bayan girbi. Wasu na ganin wannan zargi ne ga malam, alhali shi ya fi kowa amfana, domin yana kare shi daga tsegumi yana raye, ya kare iyalinsa daga cin abin da ba nasu ba bayan ya tafi.

Rufa'a kanta tana da misalin ƙaramar makarantar da ta rayu. A 1907 Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa da ɗalibai 17, wasu 'ya'yansa wasu na maƙwabta, bayan hukumar ilimi ta Turawa ta yarda bisa sharaɗin ya yi da sunansa kuma da kuɗinsa. Daga wannan tushe makarantun Ahfad suka fito, har kwalejin mata da ɗansa Yusuf Badri ya kafa a Umdurman a 1966, wadda ta zama jami'a. Aljihun mutum ɗaya ya isa ya fara aikin, amma abin da ya tsallakar da shi bayan rasuwar Babikir a 1954 shi ne ya riga ya zama cibiya mai kuɗin makaranta da masu tallafi da masu kula. Tallafin waje kuwa yana da nasa farashi. A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ba wasu fakai albashi a kan su ƙara lissafi da rubutu su kuma karɓi masu duba aiki, kuma haka abin yake ga duk mai bayarwa babba, hukuma ce ko ƙungiya ko attajiri: yakan so a ji ta bakinsa a kan abin da ake koyarwa. Halwar da rabin abincinta ke fitowa daga hannu ɗaya tana da wuyar cewa a'a.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada duk waɗannan hanyoyi. Ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021, ta yadda kuɗin da aka ajiye a takarda ya narke, wanda ya ajiye dawa ko akuya ya fi tsira da abinsa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Jazira a Disambar shekarar, dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati suka kama Wad Madani da Rufa'a, a Oktoban 2024 aka kai munanan hare-hare a garuruwan gabashin Jazira, sojoji kuma suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, lokacin da aka ba da rahoton farmaki a kan wasu mazauna kambo. An wawashe hatsi da dabbobi da injuna, mutane sun watse. Abin da ya ciyar da jama'a da yawa a wannan tsakani shi ne takiyya, madafar taimakon juna da asalinta daga masid yake, wadda 'yan uwa na nesa suka riƙa tura wa kuɗi ta waya ta manhajar Bankak.

Ga halwar da ke son sake buɗewa, matsalar farko ita ce tantance abin da ta mallaka. Takardu sun ƙone ko sun ɓace, inda ma aka taɓa rubutawa, wasu masu bayarwa sun rasu, wasu malamai ba su dawo ba. Malikiyya ta yarda a tabbatar da tsohon wakafi da shaidar ji, wato adalai su shaida cewa sun daɗe suna jin amintattu da sauran jama'a na cewa abu kaza wakafin wuri kaza ne. Wannan shaida tana bakin dattawan da yaƙi ya warwatsa tsakanin Gadarif da Kasala da wasu garuruwan. Aikin da ke gaban kowane ƙauye shi ne a tattara su ko a tattara maganarsu, a rubuta ɗaki da fili da dabba da injin da ke na makaranta, a ware su daga na gidan malam, a naɗa mai kula, shaidu su sa hannu, a ajiye kwafi fiye da ɗaya a hannuwa dabam-dabam.